Kada Ka Bari a Share Tokar

Rogo,
ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga ɗana Sagiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata ka sauka Kano lafiya, ka sami ɗaki mai ƙofa da makulli, kuma maigidan naka na kamfanin shinkafa ya karɓe ka hannu biyu. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko man shanun da ta cusa maka a jaka bai yi wa rigunanka wanka ba. Ƙannenka duk suna lafiya. Allah Ya tsare ka a fitarka da shigarka, Ya raba ka da sharrin masu ɗaure fuska, Ya kuma ninka maka tsari daga masu fara'a, don su suka fi ƙwarewa.

Na san kana buɗe ambulan ɗin nan za ka ce, yau kuma me ya sami Baba, ga waya a aljihunsa yana ɓata biro? Abin da ya same ni shi ne na yi wayo bayan kasuwa ta watse. Maganar waya iska ce, in ta wuce ba mai nuna sawunta. Wannan kuwa ka ninke ka ajiye, ran da na ce ban faɗa ba ka zaro ka nuna min.

Ga abin da ke gabanmu. Kamfanin inshorar da ya ƙi biyana diyyar gobarar sito ya yarda a zauna sulhu a Kano. Takardar wakilci tana cikin ambulan ɗin nan. Kai za ka yi zirga-zirgar, kai za ka yi magana ran zaman, ni kuwa in zauna a gefenka in kama bakina, in Allah Ya ba ni iko. Ka kuma san abin da ke rataye da wannan zama: gonarmu ta gado ta Ruwan Bago. Bayan gobarar, manoman da na ɗauki masararsu da waken suyarsu a kan sai na sayar in biya sun yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, sai na jinginar da gonar ga Alhaji Ubale na Zoza na sallame su. A gaban dagaci muka rubuta cewa in ruwan shuka na bana ya sauka ban fanshe ta ba, jingina ta koma ciniki, ya ciko min ɗan abin da ya rage, gona ta zama tasa. Kana makaranta aka yi duk wannan. Labarin da ka sani shi ne wanda nake bayarwa a zaure, wanda ni ne gwani a cikinsa. To ga ɗayan, wanda ba a bayarwa a zaure.

Da Ɗanlami aka fara, ejan ɗin kamfanin, mutumin Ƙaraye, wanda kai ma ka san shi da jakarsa mai kama da ta likita. Ya same ni a bakin sito ana awo, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce, "Alhaji, in ka shigo wajenmu, ko ɓera ne ya yi tari a sitonka mu za mu sayi magani."

Na ce, "Ɓerayen Rogo ba sa tari, ci suke yi. Kuna biyan ci?"

Ya ce, "Ban da ci, Alhaji. Amma gobara da ambaliya, kafin hayaƙi ya kwanta ka ji kuɗi sun shigo."

Na yi dariya na sa hannu. Takardar shafi-shafi ce, rubutun ƙanana kamar tururuwa ta faɗa tawada, Turancin kuma ba irin wanda na baro a aji uku na sakandare ba. Na ce ya gaya min abin da ke ciki a taƙaice, ya gaya min abin da ya ga dama. Shekara da shekaru ina biya ban taɓa latti ba. Abin da ke ci min rai, ni da na yi furfura a dillancin hatsi, na fi kowa sanin dillali na wanda ke ba shi la'ada ne. Saboda haka duk wanda ya zo maka da takarda, kafin ka tambayi sunansa tambayi wa ke biyansa. Ejan yaron kamfani ne ko da sahu ɗaya kuke salla. Akwai dillalan inshora masu lasisi da aka ce su na mai saye ne, su kan tsaya wa mutum ran rigima. Su ma ka tambaye su, ka kuma kalli idonsu lokacin da suke amsawa.

Ran Juma'a gobarar ta tashi, muna masallaci. An kawo wuta da ƙarfi, shagon mai cajin waya da ke jikin sitona ya kama, ta haura ta rufi. Kafin a ci ƙarfinta da bokitai ta gama da abin da za ta gama. Ko babbar rigar Juma'a ban cire ba na kira Ɗanlami. Ya yi salati, ya ce, "Kada ka sa komai a ranka, Alhaji, ka ɗauka an gama." Na kuwa ɗauka.

Washegari da sassafe sarkin kasuwa ya zo jaje da jama'a a bayansa, wannan da shebur, wancan da kwando. Ya ce, "Alhaji Mamuda, ba za mu bar ka ka wuni kana kallon baƙin ciki ba. Yau gayya ce." Ka san halin garinmu, ba a barin toka ta kwana biyu a ƙofar mutum, abin kunya ne ga maƙwabta. 'Yan dako suka kwashe ƙonanniyar masara a amalanke aka kai bola da gonaki. Wadda ta sha hayaƙi kawai na ce masu kaji su ɗiba sadaka. Kwanon rufin da ya lanƙwashe 'yan gwangwan suka auna suka tafi da shi. Mata suka aiko da kunu da ƙosai. Magini ya yi yaɓe kyauta, wani ya kawo ragowar fenti. Ni kuwa ina tsaye ina rabon goro, ina ta "Allah Ya saka da alheri, Allah Ya bar zumunci," har da ƙwalla. Ban san shaiduna ne ake lodawa a amalanke ba.

Sai da aka ci kasuwa aka sake ci aka kuma sake ci, sannan mai ƙiyasin kamfanin ya iso daga Kano, wato mutumin da suke turowa ya auna ɓarna. Ya sauko daga mota ya tarar da sito fes, ya fi yadda yake kafin wutar kyau. Ya ce, "Alhaji, ina gobarar?"

Na ce, "Ai da ka zo da wuri da kun gaisa."

Bai yi dariya ba. Ya shinshina bango, ya ɗauki hoton fenti, ya rubuta.

Sagiru, in Allah Ya jarrabe ka da irin wannan, Allah Ya kiyaye, kada ka bari a taɓa ko tsinke. Ɗauki hoto da bidiyo tun toka na da zafi. Nemi takardar 'yan kwana-kwana da ta 'yan sanda. A ranar ka rubuta wa kamfani, a rubuce na ce, ko da saƙon waya ne da zai zauna da kwanan watansa. In masu gayya sun zo kada ka kore su, zumunci ya fi diyya daɗewa. Ka ba su goro, ka ɗora wa kamfani laifin, ka ce an hana ka taɓawa sai sun gani. Kamfani ba ya jin zafin zagi, ka bar shi ya sha. In sun yi jinkirin zuwa, ka sake rubuta musu cewa jinkirin nasu ne.

Abin da ya biyo baya ba na maƙwabta ba ne, nawa ne ni kaɗai. Mai ƙiyasin ya tambaye ni buhu nawa ne suka ƙone. Sai kan ɗan kasuwa ya motsa. Na ce a raina, wannan ciniki ne, mai kaya kan fara daga sama, mai saye ya taya daga ƙasa, a haɗu a tsakiya. Na ɗora rabi a kan gaskiya na faɗa masa, ina jira ya taya in ce albarka. Bawan Allahn nan bai taya ba. Ya rubuta, ya zaro tef ya auna tsawon sito da faɗinsa, ya ce, "Alhaji, ko har rufi aka jera, ɗakin nan ba zai ci haka ba." Da na ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, na sa aka saka masa jarkar man gyaɗa da zabi biyu a but ɗin motarsa. Ya yi godiya ƙwarai. Zabin sun shiga miya, rahoton bai canza ko wasali ba. Daga baya aka gaya min in sun ga dama su kira wannan toshiyar baki su ƙara min a kan laifi.

Ka ji da kyau. Neman diyya ba ciniki ba ne. Abin da ka yi asara shi za ka faɗa, kada ka ƙara ko mudu, kada kuma kunya ta sa ka rage. Ƙarya guda ta ishe su su jefar da gaskiya goma. Kyauta kuwa, ko ruwan leda ka ba mutumin kamfani, ka tabbata a gaban jama'a ne kuma ƙishirwa yake ji.

Amma kada ka ɗauka don na yi kuskure su suna da gaskiya. Wuta ta ci kayana, gari duka shaida ne, kuma don wuta nake biyansu. Da sun ce ga abin da muka gamsu da shi mu biya, da ba ka karanta wannan. Sai suka shiga canza dalili kamar mai canza hula. Yau an ce ban sanar a kan lokaci ba. Na ce ga Ɗanlami nan, tun hayaƙi na tashi na kira shi. Ɗanlami ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya tuna mun yi waya, amma yana zaton gaisuwar Juma'a ce. Gobe an ce babu shaidar kaya. Jibi an ce na zuga lissafi. Duk da baki, ba wanda ya taɓa miƙo min ko guntun takarda.

Ni kuma na bi hanyar da muka gada, ta kamun ƙafa. Na je wajen sarkin kasuwa, na je wajen dagaci. Dagaci ya sa aka kira Ɗanlami, ya zo ya zube, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan aike ne, daga sama ne." Aka yi addu'a aka tashi. Na bi wani da aka ce ya san wani da ya san manaja, na sha masa mai har Kano ba sau ɗaya ba. Damina guda ta wuce a haka. Abin da ban gane ba, kamun ƙafa yana aiki ne a kan mai jin kunya. Kamfani ba shi da suruki, ba ya zuwa jana'iza, ba zai haɗu da kai a ɗaurin aure ya sunkuyar da kai ba. Abu biyu yake tsoro: takarda mai hatimi, da wanda zai iya ƙwace masa lasisi.

Hajiya Tabawa ce ta farkar da ni, mai sarin man gyaɗa ta Ƙaraye, wadda motarta ta taɓa kifewa da kaya ta kuma karɓi diyyarta. Mun haɗu a tasha ina ba da labarina kamar kullum, ta ce, "Alhaji Mamuda, kai da bakinka ke aske mutum ba ruwa, sun ba ka ƙin nasu a rubuce?"

Na ce, "Hajiya, ai magana ta manya ce, ba a kai ga takarda ba."

Ta ce, "To ci gaba da manyantaka. Ni da ban yi boko ba, 'yata na sa ta rubuta, na dangwala."

Raina ya ɓaci, amma na dawo gida na nemi biro. Na rubuta wa ofishin ƙorafi na kamfanin kansa, don kowannensu yana da shi, sai dai ba sa kafa masa allo babba. Na yi kwafi biyu, na kai da ƙafata, na ƙi tashi daga benci sai da aka buga wa nawa hatimi da kwanan wata. Na ce a ba ni dalilin ƙin biya a rubuce, a nuna min layin da na saɓa a yarjejeniyar, a ba ni cikakken kwafinta da rahoton mai ƙiyasi. A nan na gyara lissafin da bakina ya ɓata, na rubuta adadi na gaskiya. Na bi banki aka fitar min da jerin kuɗin da na tura wa manoma na kayan da suka ƙone. Mai sayar da buhuna ya ba ni rasit. 'Yan dakon da suka jera kayan suka yarda su yi shaida. Ashe kuma samarin da nake zagi don ba su da aiki sai latsa waya, rabinsu sun ɗauki bidiyon wutar, har ana ganin layin buhuna suna ci. Na kuma ɗauki nawa mai ƙiyasin na biya shi, ya yi nasa lissafin daga waɗannan. Kuɗinsa ya yi min zafi, amma ba a zuwa rabon gado da lissafin abokin gaba.

Da suka yi shiru, na haɗa komai na kai ƙara wajen hukumar gwamnati da ke sa ido a kan kamfanonin inshora. Tana da sashen karɓar koke, ba a biya, ba sai da lauya ba. Suka rubuta wa kamfanin. Ka ga ikon Allah, mutanen da suka shekara ba su san lambata ba sai ga su suna kira suna tambayar ya iyali. Amma kada ka ɗauki hukuma kawunka ce. Fayil ma barci yake yi in ba a tashe shi ba. Ka riƙa leƙawa, ka riƙe lambar ƙarar, ka rubuta sunan duk wanda ka gani da abin da ya ce. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, ita ma ƙofa ce, in wannan ta cije.

Yanzu bari in bambance maka hanyoyin da suka rage, don za su yi ƙoƙarin cakuɗa maka su. Sulhun da za mu je, a zauren sasanci ne da ke jingine da kotu. Mai sulhu ba alƙali ba ne, ba ya yanke hukunci. Kamar dattijon da ke shiga tsakani a cinikin sa yake, ya ja wannan gefe ya ja wancan, in ba ka sallama ba ka kama igiyarka ka tafi. Shi ya sa na yarda da shi. Akwai wani kuma mai kama da shi amma ba shi ba ne, wanda ake naɗa mai raba gardama, ku biya shi ku biyu, abin da ya yanke ya zauna, da wuya a tayar. In ka ji sun ce, ai gara mu kai wa mutum ɗaya masani ya gama mana a huta, ka tambaya wa zai zaɓe shi, wa zai biya shi, sau nawa ya taɓa yi musu aiki. Ka kuma duba yarjejeniyar da kyau, don wasu kamfanonin tun ran sa hannu suke ɗaure mutum da wannan hanya bai sani ba.

Kotu tana nan, ba na tsoronta, amma ita ba ta san damina ba. Sai a ɗage a sake ɗagewa, kamfani yana da lauyoyin da albashi ake biyansu su jira, mu kuwa kowane zama sai an sayar da akuya. Duk da haka ka je ka ga lauya tun kafin ranar sulhu, wanda ya saba da shari'ar inshora, ba wanda ya saba da rikicin fili ba. Ka tambaye shi wa'adin shigar da ƙara, don akwai lokacin da in ya wuce ko kana da gaskiya ƙofa ta rufe, kuma ina kyautata zaton wani jan ƙafar da ake mana lissafi ne. Ku yi maganar kuɗinsa a rubuce kafin ya buɗe fayil. Lauyan da ya ce maka an gama tun bai karanta takarda ba, Ɗanlami ne ya sa baƙar riga, ka gaishe shi ka fito.

Abokanka za su ce ka kai su gidan rediyo ko ka watsa su a waya duniya ta gani. Na yi wannan tunanin, har na tsara abin da zan faɗa, kuma da daɗi. Ka bar shi a aljihu. Kalma guda in ta zarce abin da za ka iya tabbatarwa, sai mai bin bashi ya koma wanda ake ƙara.

Makon jiya Ɗanlami ya zo gida da wani mai ƙamshin turare daga babban ofishinsu. Suka zauna a zaure, aka sha fura, baƙon ya yabi gemuna ya yabi tarbiyyar yara. Sannan ya zaro takarda ya ce kamfani ya dubi girmana, za a ba ni kashi ɗaya cikin uku a yau ɗin nan, ba sai an wahala zuwa Kano ba, hannu kawai zan sa. Na karɓa na juya ta, na hango inda aka ce wannan biya shi ne cikakke kuma na ƙarshe.

Na ce, "Kash, tabarauna yana wajen gyara."

Ɗanlami ya ce, "Alhaji, ai ga shi nan a aljihunka."

Na ce, "Wannan na kallon baƙi ne. Na karatu daban yake."

Suka tafi da takardarsu. Ruwa ba ya tsami banza, Sagiru. Wanda ya shekara yana cewa ba ka bin sa ko sisi, ran da ya biyo ka har gida da kashi ɗaya, ya san ukun na nan. Duk takardar da ta ce na ƙarshe, in ka sa hannu ka binne sauran da hannunka, ba hukuma ba kotu. In suna son biyan abin da suka yarda da shi, marhaba, su biya, amma a rubuta ƙarara cewa wani ɓangare ne, maganar sauran tana nan.

Ran zaman za su yabe ka. Za su ce yaro mai ilimi, ba irin tsofaffin nan masu taurin kai ba, mai yiwuwa wani ya tambaye ka ko kana neman aiki. Ka yi murmushi ka ce Baba ne mai magana ta ƙarshe. Ni kuma in an matsa min in ce yaron ne ya san takardu. A tsakaninmu sai su rasa wanda za su kama. Kada ka amsa tayin farko ko da ya yi maka daɗi. Kada ka yi fushi, mai fushi shi ke faɗin abin da ba a tambaye shi ba. In an daidaita, a rubuta adadi, a rubuta ranar biya, a rubuta abin da zai faru in ranar ta wuce, a kuma kai kotu ta sa hannu ya zama hukunci. Alkawarin za mu duba ba ya fansar gona.

Saura guda, ita ce ta fi nauyi, shi ya sa na bar ta ƙarshe. Lokacin da nake kamun ƙafa, wata rana na kama hannun Ɗanlami na ce ya ji tausayina, na gaya masa maganar jingina da wa'adin ruwan shuka, duka. Ni da nake koya wa yara cewa mai gaggawa ba ya nuna wa kasuwa gaggawarsa. To ka ɗauka kamfanin ya san ranar da wuyana zai shiga igiya, kuma kashi ɗayan nan da ita aka auna shi.

Ba su kaɗai suka sani ba. Tun da Alhaji Ubale ya karɓi gonar nan yake nomanta bai taɓa kai mata ko kwandon taki ba, kuma ban ga laifinsa ba, ba mai ƙosar da gonar da za a karɓe. Shekaranjiya na bi ta Ruwan Bago sai na tarar ya sauke Fulani a cikinta, shanu sun kwana sun tashi, ƙasa ta yi baƙi. Na gaisa da mai shanun, ya ce Alhaji ya ce su zauna har ruwa ya sauka, dawa kuma yana ba su. Mutum ba ya wannan ɗawainiya sai an ba shi labari mai daɗi. Wa ya ba shi, ban sani ba, ban kuma ce kowa ba. Na dai san babur ɗin Ɗanlami ya san hanyar Zoza.

Saboda haka ga iyakarmu. In abin da suka ɗora a tebur ya kai fansar gonar, kuma zai shigo hannu kafin ruwa, ka ja su iya jan da za su jawu sannan ka karɓa, ko da bai kai haƙƙina ba. Zuciyata za ta yi ƙuna, amma zuciya tana warkewa, gona kuwa in ta tafi ba ta dawowa. In bai kai ba, ka nemi su biya ɓangaren da ba gardama a kansa a bar sauran a buɗe. In sun ƙi wannan ma, ka tattara takardunka a hankali, ka yi musu sallama mai kyau, mu wuce wajen lauya a ranar. Kada ka waiwaya a bakin ƙofa. In za su kira, a nan suke kira.

Ni ma ban zauna ba. Ran kasuwar da ta wuce na tsaya a rumfar mai iri daidai lokacin da Ɗanlami ke shan shayi a kusa, na sa aka auna min irin masara mai tsada na gona guda cur, na ɗaga murya na ce na Ruwan Bago ne, bana da kaina zan shuka. Na biya lakadan ban nemi ragi ba, har mai irin ya tsorata. Na ga kofin shayin ya tsaya a hanya. Bari labari ya kai inda zai kai, su yi ta tunanin inda na samo kuɗi. Kai kaɗai zan gaya wa: na adashin mahaifiyarka ne, kuma ta ce in abin ya ƙi sai dai mu niƙa irin mu yi tuwo da shi. Ban gaya mata ba tukuna, irin an shafe shi da magani, ko kaza ba ta ci. Ba shi da inda za shi sai ƙasa, mu kuma ba mu da wata ƙasar sai waccan.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka fi ƙarfin bakinka yadda ubanka bai fi ƙarfin nasa ba. Allah Ya kai mu ranar lafiya, Ya dawo da kai gida lafiya. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gaida maigidanka. In ka ga hadari ya haɗo ta gabas kafin mu haɗu, ka yi addu'a ya zama na iska.

Wassalam.

Mahaifinka,
Mamuda